Gada da Gado: Haƙƙin Dutse da Haƙƙin Mai Tsallakawa

A tsohon birnin Benis na ƙasar Italiya babu mota, babu babur, ko keke ma ba a yarda a hau ba. An gina birnin ne a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani faffaɗan tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da teku, hanyoyin ruwa kuma su ne titunansa. Wanda zai je kasuwa, ko makaranta, ko dubiyar mara lafiya, ɗayan biyu ne: ko ya shiga jirgin ruwa, ko ya taka da ƙafa. In kuwa da ƙafa ne, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da gada, domin gadojin birnin sun haura 400. Mafi yawansu na dutse ne da jan bulo, masu doro, da matakalar hawa ta wannan gefe da ta sauka ta wancan.

Waɗannan gadoji suna cikin abin da ke jawo miliyoyin baƙi duk shekara, suna kuma cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya birnin da tafkinsa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Amma matakalar da baƙo ke tsayawa a kanta yana ɗaukar hoto, ita ce katanga ga mai keken guragu, da tsohuwar da gwiwa ta gaji, da uwa mai tura keken jariri, da ɗan dako mai jan amalanke. Akwai mutumin da aka haifa a birnin, yana hango ƙofar maƙwabcinsa daga taga, amma ba zai iya zuwa ba sai an ɗauke shi, saboda matakala goma sha wani abu da aka dasa shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar kakansa.

To ga tambayar da muke son mu tauna: idan abin da muka gada ya tare wa mai rai hanya, wanne ya fi haƙƙi a kanmu, aikin hannun waɗanda suka shuɗe ko ƙafar wanda ke nan? Tambayar ta fi yadda take a ido wuya, domin kowane ɓangare yana da gaskiyar da ba a iya turewa.

Me ya kawo matakalar?

Kafin mu yanke wa gadar hukunci, ya kamata mu san abin da ya sa ta yi doro. Dutse yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa. In aka shimfiɗa dogon falalen dutse daga gaɓa zuwa gaɓa, nauyi zai karya shi a tsakiya. Dabarar da magina suka samo ita ce baka, irin wadda maginanmu na ƙasa ke kira bakan gizo. Ana sassaƙa duwatsu masu faɗin kai da tsukakken gindi, a jera su a kan tallafin katako daga gefe biyu, har a zo kan dutsen tsakiya da ke kulle su. In an zare katakon, kowane dutse yana danne na kusa da shi, nauyin duka kuma yana gangarawa zuwa gaɓa biyu. Ƙarin nauyi a sama ƙara matse su yake yi, muddin gaɓar ba ta motsa ba.

A Benis kuwa gaɓar taɓo ce. Shi ya sa sai an fara kakkafa gumaguman itace a cikin laka, dab da dab, kafin a ɗora dutse. Itacen da ya nutse cikin laka inda iska ba ta kai masa ba ya ruɓewa da wuri, kuma a kan irinsa birnin yake tsaye har yau.

Sai maganar tsayi. Ƙasan birnin kaɗan ta ɗara ruwa, ruwan kuma yana hawa yana sauka tare da teku. Jirgin da ya ɗauko itacen girki, ko kifi, ko gawa, dole ya wuce ta ƙarƙashin gadar da matuƙinsa a tsaye. Ke nan dole tsakiyar gadar ta tashi sama. Lungunan da ke kaiwa gare ta kuma gajeru ne, gidaje sun matse su, babu filin da za a ja dogon gangare. Abin da ya rage shi ne matakala. Ashe dai doron gadar sulhu ne tsakanin masu hanya biyu da suka yi karo a wuri ɗaya: na ƙasa ya sunkuyar da kai kaɗan, na sama ya ɗaga ƙafa kaɗan, kowa ya wuce. Kyawun da muke yabawa daga wannan sulhun ya fito. Abin lura shi ne, ranar da aka ƙulla shi akwai waɗanda ba a kira zaman ba.

Hujjar masu cewa a bar ta yadda take

Gadar Riyalto, wadda ta fi kowace suna a birnin, ta isa misali. Da farko ta katako ce, kuma ta sha wuya: an ƙone wani sashenta a tawayen 1310, ta rufta a 1444 lokacin da jama'a suka yi dafifi a kanta suna kallon jerin gwanon jiragen biki, ta sake faɗuwa a 1524. Bayan doguwar muhawara, wadda manyan masu zanen gini irin su Palladio suka kawo nasu tsarin a cikinta, aka ba Antonio da Ponte aikin. Ya gina ta daga 1588 zuwa 1591 da farin dutsen Istiriya, baka guda tak mai faɗin kimanin mita 28, a kan gumaguman itace wajen 12,000, da layi biyu na shaguna a bayanta. Wani masanin gini na zamanin, Scamozzi, ya ce ba za ta daɗe ba za ta rushe. Yau ta haura shekara 430 a tsaye. Har zuwa 1854 ita kaɗai ce gadar da ta ratsa babbar hanyar ruwan birnin.

Wanda ya ce kada a taɓa irin wannan gini ba mugu ba ne. Hujjarsa ta farko ita ce, abin da aka fasa ba ya komawa. Ana iya sassaƙa sabon dutse, amma ba a iya sassaƙa shekara 400 a jikinsa. Ta biyu, mu ba masu gadar ba ne, ajiya aka ba mu. Waɗanda suka gina ta sun tafi, waɗanda za su karɓe ta ba su zo ba, duka biyun ba su da bakin magana a zamanmu. Mai riƙon amana kuwa ba ya yin yadda ya ga dama da kayan da aka ba shi don kawai mai kayan ba ya nan. Ta uku, kowane zamani yana ganin buƙatarsa ita ce ta gaggawa. A ƙarni na 19 an cike hanyoyin ruwa da dama a Benis aka mai da su tituna da sunan ci gaba da tsafta, yau kuma sai dai a karanta sunayensu a jikin bango. Garin neman gira ana rasa ido.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba mu da niyyar rage masa nauyi. Sai dai hujjar tana tsaye ne a kan wani zato: cewa akwai wata siffa ta asali da gadar ta zo da ita, wadda aikinmu shi ne mu daskarar da ita. A nan ne tarihi bai goyi bayan zaton ba.

Wane asalin?

Gadojin Benis na farko na katako ne, kwance ko masu ɗan gangare, domin a wancan zamani ana hawan doki a cikin birnin. Matakala ta yawaita ne bayan doki ya ja baya, dutse ya maye gurbin katako. Ita kanta tsohuwar Riyalto ta katako tana da tsakiyar da ake ɗagawa don manyan jirage masu dogon itacen filafilai su wuce, kamar yadda ake gani a wani zanen Carpaccio na ƙarshen ƙarni na 15. Da aka gina ta dutse, wannan hanya ta toshe har abada. Wato gadar da muke kira gado a yau, a ranar da aka gina ta sabon abu ce da ta kawar da tsoho.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da tambayarmu. Shekaru aru-aru yawancin gadojin birnin ba su da makari a gefe. Mutum na tafiya cikin duhu ko hazo, ƙafa ta zame, sai ruwa. Har dambe ake yi a kansu: ƙungiyoyin unguwanni biyu, Nicolotti da Castellani, sukan haɗu a kan gadar da har yau ake kira Gadar Naushi, kowane ɓangare na ƙoƙarin tunkuɗa ɗayan cikin ruwa, sai da hukuma ta hana a 1705. Sawun ƙafa na farin dutse da ke nuna inda ’yan damben ke tsayawa yana nan a kanta. Daga baya, musamman a ƙarni na 19, aka bi gadojin ana sanya musu makari na bulo ko na ƙarfe. Yau a cikin birnin gada ɗaya ce ta shahara da rashin makari, wato Ponte del Chiodo a unguwar Cannaregio, sai wata a tsibirin Torcello.

Babu mai hankalin da zai ce a cire makaran nan don a dawo da asali. Sun zama jikin gadar, ana ɗaukar hotonsu, ana gyara su da kuɗin adana tarihi. Amma me suke, in ba gyaran da wani zamani ya yi ba, saboda ya daina yarda cewa faɗawar yaro ko makaho cikin ruwa ƙaddara ce kawai? Zamanin ya faɗaɗa sulhun, ya shigar da wanda aka manta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda aka lissafa da shi

In muka leƙa wasu ƙasashen da ke da hanyoyin ruwa na haƙa, za mu ga cewa dutse yana iya kwanciya ya yi gangare duk lokacin da magina suka damu da mai wucewa. A Ingila, kafin jirgin ƙasa ya karɓe dakon kaya, doki ne ke jan jiragen gawayin kwal da igiya, yana tafiya a gefen ruwa. Wani lokaci hanyar dokin takan koma ɗaya gaɓar. Kwance igiya a sake ɗaurawa ɓata lokaci ne, lokaci kuma kuɗi ne. Sai magina suka ƙirƙiro gada mai murɗaɗɗen gangare kamar maciji: doki ya hau, ya tsallaka, ya kewayo ya bi ta ƙarƙashin gadar, igiya ba ta harɗe ba, ba a kuma kwance ta ba. Mafi kyawunsu suna kan hanyar ruwa ta Macclesfield, wadda aka buɗe a 1831, kuma da sassaƙaƙƙen dutse aka yi su. Babu tsayayyar matakala a kansu, domin doki mai jan kaya ba ya son ta.

A ƙasar Sin kuma, kusa da birnin Suzhou, akwai gadar Baodai a gefen babbar hanyar ruwan da ta taso daga Beijing zuwa Hangzhou, mai tsawon kusan kilomita 1,800. An fara gina gadar tsakanin 816 da 819, aka sake gina ta a ƙarni na 15. Tsawonta mita 317 ne, da baka 53. Ana ruwaito cewa mai mulkin yankin, Wang Zhongshu, ya sayar da ɗamararsa mai daraja don a samu kuɗin aikin, daga nan sunan ya samo asali. Kusan duk tsawonta a kwance take, bakuna uku kawai aka ɗaga don jirage su wuce. Dalili shi ne, an gina ta ne don mutanen da ke jan jiragen hatsin sarki da igiya a kafaɗa, kuma mai jan jirgi ba zai iya hawa da sauka sau hamsin ba.

Ba mu ce maginan nan sun fi na Benis tausayi ba. Doki da majanyin jirgi sun samu hanya mai sauƙi ne saboda dukiyar masu iko tana bin ƙafarsu. Abin da misalan ke nunawa shi ne, siffar gada amsa ce ga tambayar wa aka lissafa. Mai keken guragu bai samu gangare ba saboda ba a lissafa da shi ba, ba don dutse ya ƙi ba. Idan har an iya yi wa doki, da wuya a samu bakin cewa yi wa mutum ɓata gini ne.

Akwai kuma wani abu a gadojin Ingilan. A kusurwoyinsu ana ganin zurfafan tsagi a jikin dutse, har da jikin ƙarfen da aka manna don kare dutsen. Jiƙaƙƙiyar igiya mai yashi ce ta ci su, shekara da shekaru. A lokacin ɓarna ce. Yau masu kula da tarihi suna tattalin tsagin nan kamar rubutu, domin shi ne shaidar dawakai da yaran da suka bi da su. Darajar tsohuwar gada ba daga hannun magini kaɗai take zuwa ba, har da ƙafafun da suka goge ta.

Sabo ma yana mantuwa

Kada wannan ya sa mu ɗauka cewa zamaninmu ya fi na da adalci. A 2008 aka buɗe gada ta huɗu a kan babbar hanyar ruwan Benis, wadda mashahurin mai zanen gini ɗan Sifaniya, Santiago Calatrava, ya tsara da ƙarfe da gilashi da dutse. Ba wani tsohon gini da ya ɗaure masa hannu, kuma shekara biyu kafin nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. Duk da haka gadar ta zo da matakala, babu hanyar keken guragu. Bayan ƙorafi aka maƙala mata wani ɗan akwati mai siffar ƙwai da ke bin gefenta yana ɗaukar mutum. Ya fara aiki a 2013, ga jinkiri ga yawan lalacewa, aka cire shi a 2020. Matakalar gilashin kuma ta riƙa kayar da masu ƙafa biyu in an yi ruwa ko raɓa, har hukumar birnin ta yanke shawarar maye gurbinta da dutse. A 2019 wata kotun Italiya ta ci mai zanen tarar yuro 78,000 saboda sakaci a aikin.

Maginin ƙarni na 16 yana da uzurin zamaninsa. Na ƙarni na 21 ba shi da shi. Wannan ya nuna mana cewa rigimar ba tsakanin tsoho da sabo take ba. Cutar ɗaya ce a ko'ina: a ƙaunaci siffar abu har a manta da wanda aka yi abin dominsa.

Inda muka tsaya

A 1964, a cikin wannan birni na Benis, masana suka rattaba hannu kan takardar da ta zama ginshiƙin aikin adana gine-ginen tarihi a duniya. Ta yarda cewa amfani da gini don wata maslaha ta jama'a yana taimaka wa ɗorewarsa, ta kuma gindaya cewa kada a sauya tsarinsa, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Tsakanin waɗannan sharuɗɗa akwai filin da ya ishi mai son adalci ya yi aiki.

Birnin kansa ya gwada. An ƙara wa gadar Guglie ta 1580 hanyar keken guragu a gyaran 1987. Gasar gudun fanfalaki da ake yi duk shekara tana bi ta kan gadoji goma sha wani abu a ƙarshenta, don haka akan shimfiɗa musu gangaren wucin gadi saboda ’yan tsere. Mazauna suka ga amfaninsa, aka riƙa barinsa watanni bayan gasar, tsofaffi da ’yan dako da masu jan akwati duk suka koma bi ta kansa. A nan ma sai da baƙo mai gudu ya zo kafin ɗan gari mai rarrafe ya samu hanya. Jiragen haya na ruwa kuma, waɗanda su ne bas ɗin birnin, suna ɗaukar keken guragu a kan farashi mai rangwame.

Daga wannan muna iya fitar da ma'auni uku. Na farko, abin da za a ƙara wa tsohuwar gada ya zama wanda za a iya cirewa ba tare da an raunata dutsen ba, domin na bayanmu su samu damar gyara kuskurenmu. Wannan shi ne haƙƙin waɗanda ba su zo ba. Na biyu, ba dole kowace gada ta samu gangare ba. Mai yiwuwa Riyalto ta ci gaba da zama da matakalarta, jirgi ya ɗauki wanda ba zai iya hawa ba. Amma bai halatta a ce akwai mazaunin da ba shi da wata hanya ko ɗaya zuwa asibiti, ko kasuwa, ko tashar jirgi, sai a bayan wani. Wannan shi ne haƙƙin mai rai. Na uku, a zauna da masu abin kafin a zana komai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an yi haka, da ba a kashe kuɗi a kan akwatin ƙwai ba.

Ba za mu ɓoye cewa akwai asara a ciki ba. Gangaren ƙarfe a kan farin dutse ba ya ƙara wa hoto kyau, kuma wanda ya ce idonsa ya rasa wani abu bai yi ƙarya ba. Amma in aka ɗora asarar ido a sikeli ɗaya da ta mutumin da ya shekara bai fita unguwarsu ba, mun san inda zai rinjaya.

Akwai lissafin da ya kamata ya tayar wa masu son tarihi hankali fiye da kowane gangare. A 1951 mazauna tsohon birnin Benis sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun gaza 50,000, kuma da yawansu tsofaffi ne. Tsadar gidaje, da ambaliya, da cunkoson baƙi su ne manyan dalilai, amma ga wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, matakala ma tana cikin abin da ke sa ya tattara ya koma inda mota ke zuwa ƙofar gida. A 2024 birnin ya fara karɓar yuro 5 daga baƙin yini ɗaya a wasu ranaku, kamar yadda ake biya a shiga gidan tarihi. Gado yana buƙatar magaji. Gadar da babu mai tsallaka ta zuwa gidansa ta zama abin kallo, kuma ba don kallo Antonio da Ponte ya kafa itace 12,000 a cikin laka ba.

Waɗanda suka sanya wa gadojin makari a ƙarni na 19 sun taɓa abin da suka gada, mu kuma muka karɓe shi a hannunsu ba tare da mun zarge su ba. In muka yi namu gyaran da hannu mai sauƙi, muka bar dutsen da ransa, akwai ranar da wani zai tura kekensa ta kan gangaren nan zuwa kasuwar kifi, bai ma san an taɓa yin gardama a kansa ba.